Tsohuwar Bindigar Gado: Yadda Ake Gane Ta Da Sanin Darajarta



A wannan makon mun ɗauko batun tsofaffin ƙananan bindigogin soja da ake gada daga kakanni. A Yaƙin Duniya na Biyu, dubban sojoji daga Najeriya sun tafi yaƙin Bama, daga 1943 zuwa 1945, a ƙarƙashin Turawan Ingila. Kafin nan ma an gwabza da Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916. Saboda haka wani gidan yakan tsinci irin wannan bindiga a ƙasan akwatin kaka, tare da lambobin yabo da takardar sallama.

Kashedi tukuna

Tsufa ba ya kashe bindiga. Wadda ta shekara tamanin a akwati tana iya kasancewa da harsashi a ciki, kuma tana iya tashi. Idan mun gani, kada mu ɗauka, kada mu taɓa kunama, kada mu kira abokai kallo. Mu sanar da babba nan take. Duk abin da za mu faɗa a ƙasa aikin manya ne da masana.

Yadda ake gane ta

Masana sukan fara duba siffa. Libarba tana da wani ɗan gangan ƙarfe mai juyawa a tsakiya, wanda yawanci yake ɗaukar harsashi shida. Irinta hafsoshin Ingila suka fi riƙewa. Akwai Webley Mk VI, wadda aka ƙera a birnin Birmingham, sojojin Ingila suka fara amfani da ita a 1915. Akwai kuma Enfield No. 2 da ta biyo baya. Dukkansu karyawa ake yi daga sama idan za a buɗe su. Ɗaya nau'in kuwa harsashinsa a cikin mariƙi yake zama, kamar Luger P08 ta Jamus, wadda sojojinsu suka karɓa a 1908, da Colt M1911 ta Amurka.

Bayan siffa sai tambura. A jikin ƙarfen akan buga sunan kamfani, da lambar bindigar, wani lokaci har da shekarar ƙira. Kayan gwamnatin Ingila suna da wata 'yar alama mai kama da kan kibiya. Idan an ga kibiya biyu sun haɗa kai, ma'anarsa soja sun sayar da ita, ta fita daga aiki. A jikin Luger kuwa, ana buga lambobi biyu na ƙarshe a kan ƙananan sassanta. Idan lambobin duk sun zo ɗaya, to ba a yi mata canjin sassa ba.

Me yake ba ta daraja?

Abubuwa huɗu ake dubawa. Na farko, lafiyar jikinta: tsatsa ta ci ta ko ba ta ci ba. Na biyu, ko sassanta na asali ne. Na uku, ƙarancinta, domin wadda aka ƙera dubbai ba za ta kai wadda aka yi 'yan kaɗan ba. Na huɗu, tarihinta, wato wa ya riƙe ta, a wane yaƙi, kuma akwai shaida?

Wannan na huɗun ne ya fi burge mu. Yawancin ƙananan sojoji doguwar bindiga suka riƙe, ƙarama ta hafsoshi ce da wasu masu aiki na musamman. Don haka labarin baki kaɗai ba ya wadatar da masana. Hoton kaka da kaki, da takardar sallamarsa, da lambar yabon yaƙin Bama, su ne suke tabbatar da zance. Kada a raba su da juna.

Wani abin mamaki kuma, gogewa tana rage daraja. Mai son ya ga ta yi ƙyalli zai sa yashi ko ya shafa fenti, sai ya goge tamburan da launin asali. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Doka fa?

A Ingila da Amurka akwai gidajen gwanjo da ke sa wa irin waɗannan kaya farashi. A Najeriya ba haka abin yake ba. Dokar bindigogi ta 1959 ta hana mutum riƙe ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba, kuma gado ba lasisi ba ne. Sayar da ita a ɓoye laifi ne babba, ga shi tana iya faɗawa hannun ɓata-gari a wannan lokaci na rashin tsaro. Abin da ya dace, manyan gida su sanar da 'yan sanda, su kuma nemi shawarar hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Gidan tarihin yaƙi da ke Umuahia yana adana tsofaffin makamai domin jama'a su gani su ƙaru.

Mu ɗalibai ga namu aikin: mu zauna da tsofaffin gidanmu, mu tambaye su wanda ya je yaƙin, da shekarar da ya dawo, mu rubuta a littafi tun suna raye. Duk wanda ya samo labari ya kawo mana, za mu liƙa shi a wannan allo.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, Aji Biyu na Ƙaramar Sakandare