Ma'ajiyar Amiga: Famfo Ɗaya, Masu Ɗiba Da Yawa

A cikin watan Yuli na 1985 ne kamfanin Commodore ya fito da kwamfutar Amiga 1000 a birnin New York na Amurka. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne tana tafiyar da ayyuka da yawa a lokaci guda, watau mutum yana rubutu, kiɗa yana tashi, wani lissafi kuma yana gudana. Amma fa ma'ajiyar da take riƙe ayyukan nan kilobait 256 ce kacal.

Ƙarancin wuri ba shi kaɗai ne damuwa ba. Ma'ajiyar ta tarayya ce. Ƙwaƙwalwar injin, Motorola 68000, a nan take ɗiba, haka kuma na'urorin hoto da sauti, Denise da Paula, sa'an nan wata mai suna Agnus ita ke raba layi. Mai karatu da ya zauna gidan haya mai famfo ɗaya ya san yadda safiya take. In hoton allo mai sauƙi ne, kowa yakan sami rabonsa ba jira. To, da zarar an yawaita launuka a kan hoto mai kaifi, sai Agnus ta ba hoto gaba, ƙwaƙwalwa ta tsaya da bokiti a hannu, dukan ayyuka su yi nauyi.

Maganin shi ne a ja wa ƙwaƙwalwa famfonta ita kaɗai, watau ma'ajiyar sauri, wadda na'urorin hoto ba sa taɓawa. A nan ne masu Amiga 500, wadda ta fito a 1987 da kilobait 512, suka sha ruɗu. Akwai wata ƴar ƙofa a ƙarƙashinta inda ake cusa ƙarin kilobait 512, ga araha, ga sauƙin sawa, don haka jama'a suka yi ta saye. Ashe wannan ƙari ta hannun Agnus yake bi, jiran layi yana nan, kuma hoto da sauti ba su iya amfani da shi. An sami wuri, ba a sami gudu ba. Mai son gudu na gaske sai ya ƙara kuɗi ya sayi wadda ake haɗawa ta gefen injin, wadda kan kai har megabait 8.

Wanda aljihunsa bai kai ba yakan rage launukan allo, ya rufe tagogin da ba ya bukata. In ma'ajiya ta daddatse saboda yawan buɗewa da rufewa, sai a kashe a kunna.

Ma'ajiyar saurin ma ta zo da tata rigimar. Waɗansu tsofaffin manhajoji an rubuta su ne da zaton duk ma'ajiya ta tarayya ce, sai hotonsu ya faɗa inda Agnus ba ta gani, allo ya cika da shirme. Dole Commodore ya sa wata ƴar manhaja, NoFastMem, wadda aikinta kawai ta ɓoye ƙarin da mutum ya saya da kuɗinsa.