Kalmomin Turanci Masu Bayyana Sharri da Miyagun Ɗabi'u: Asalinsu da Matsayinsu a Gaban Isɗilahin Alƙur'ani

Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ɗalibin ilimin addinin Musulunci a jami'o'inmu yana tsakanin harsuna uku ne: yana karanta nassi da Larabci, yana karantarwa da wa'azi da Hausa, sa'an nan sau da yawa akan buƙaci ya rubuta kundin digirinsa ko ya duba binciken wasu da Turanci. Inda wahala ta fi tsanani a wannan zirga-zirga shi ne babin kalmomin zargi, wato waɗanda ake sifanta mugun aiki da mai aikata shi da su, domin a Shari'a hukunci yana rataye da irin waɗannan lafuzza. Wanda aka tabbatar da fasiƙancinsa ba a karɓar shaidarsa, wanda kuma ya jefi wani da zina ba tare da shaidu huɗu ba, bulala 80 ta hau kansa, kamar yadda aya ta 4 ta Suratun Nur ta hukunta.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa kowace kalmar Turanci ta wannan babi tana ɗauke da tarihinta, na coci ko na kotu ko na ilimin halayyar ɗan Adam, kuma wanda ya ɗora ta a kan isɗilahin Alƙur'ani bai san wannan tarihi ba, zai iya canza ma'anar nassi alhali bai nufa ba.

Hawa-hawar kalmomin

Kalmomin Turanci na wannan fanni sun zo ne daga tushe biyu manya. Akwai tsofaffi na asalin harshen, gajeru, waɗanda kowa ke amfani da su, kamar "evil" da "sin". Akwai kuma waɗanda suka shigo daga Faransanci da harshen Latin, musamman bayan da Normaniyawa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, har Faransanci ya zama harshen fada da kotu, Latin kuwa na coci da makaranta. Daga nan ne aka sami "iniquity" da "depravity" da "nefarious" da "heinous" da "turpitude", waɗanda a yau ake ɗauka a matsayin kalmomin masu zurfin karatu. Fassarar Baibul ta Sarki James, wadda ta fito a 1611, ta ƙara wa da yawa daga cikinsu launin addinin Kirista. Wannan launi ya biyo wasu masu fassara Alƙur'ani, irin su Marmaduke Pickthall a 1930 da Abdullah Yusuf Ali, wanda ya fara fitar da tasa a Lahore a 1934, domin salon Turancin wancan Baibul ne suka ɗauka a matsayin wanda ya dace da littafi mai tsarki.

Tsakanin "evil" da sharri

A bakin Bature na yau, "evil" kalma ce mai nauyin gaske. Ba ya faɗin ta a kan ƙaramin laifi, sai a kan kisan kiyashi ko azabtar da yara da makamantansu. Masana falsafarsu kuma sun raba ta gida biyu: sharrin da mutum ke aikatawa da zaɓinsa, da sharrin da ke zuwa daga ɗabi'ar duniya, kamar annoba da girgizar ƙasa. Leibniz ya tattauna wannan mas'ala a littafinsa na 1710, girgizar ƙasar Lisbon ta 1755 kuma ta sake hura wutar muhawarar.

Sharri a Larabci ya fi haka faɗi. Yana ɗaukar duk abin da ake ƙi saboda cutarwarsa, babba ne ko ƙarami, kuma Suratuz Zalzala ta ambaci sharri mai nauyin ƙwayar zarra. Ga kuma kalmar "su'u", wadda ke nufin abin da ke baƙanta wa mutum rai, na aiki ko na musiba ko na cuta. Idan aka mayar da waɗannan duka "evil", mai karatu zai zaci ana magana ne a kan manyan azzalumai kaɗai, sai ya fitar da kansa daga cikin gargaɗin. A wurare da dama "harm" ko "ill" ko "wrong" sun fi kusa da abin da ake nufi.

"Sin" da danginta

Bahaushe yana cewa zunubi, Bature yana cewa "sin", amma Alƙur'ani ya rarrabe. Ragibul Asfahani, a cikin Mufradat, ya bayyana "ismu" da cewa aiki ne mai jinkirta mutum ga barin samun lada. "Zanbu" kuwa tushenta ɗaya da kalmar wutsiya, ishara zuwa ga mugun sakamakon da ke biyo bayan aikin. "Khaɗi'a" tana komawa ga kuskure wa abin da aka nufa. "Ma'asiya" kuma saɓa wa umarni ce. Turanci ba shi da kalma guda ga kowace ɗaya, sai dai marubuci ya yi bayani.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne aƙidar da ke manne da "sin" a al'adar Kiristocin Yamma, wato zunubin gado, wanda Augustine, limamin birnin Hippo da ke Aljeriya ta yau, da ya rasu a shekarar 430, ya ƙarfafa. Daga wannan reshe ne kalmar "depravity" ta sami ma'anarta ta tauhidi. Asalinta a Latin karkata ne ko lanƙwasa, amma a wurin mabiya John Calvin ta zama sunan aƙidar da ke cewa lalacewa ta mamaye dukkan ɗabi'ar ɗan Adam tun daga haihuwa, kamar yadda taron malamansu na Dort a ƙasar Holan ya tabbatar a 1618 zuwa 1619. Musulunci kuwa ya ginu a kan fiɗira, kuma babu rai da ke ɗaukar nauyin laifin wani. Saboda haka babu laifi a sifanta wani aiki ayyananne da "depraved", amma sifanta ɗabi'ar ɗan Adam da ita a rubutun aƙida shigo da baƙon ra'ayi ne.

Haka lamarin yake ga "reprobate", wadda ƙamus zai iya ba ɗalibi a matsayin fassarar fasiƙi. A isɗilahin mabiya Calvin, ita sunan wanda Allah ya yasar ne tun azal, aka yanke masa halaka. Fisƙu kuwa, a wurin malaman lugga, fita ne, kamar yadda Larabawa ke faɗa game da ɗanyen dabino idan ya fita daga ɓawonsa. Wanda ya fita daga ɗa'a yana iya komowa, kuma aya ta 5 ta Suratun Nur ta togace waɗanda suka tuba suka gyara. Kalmar da ke rufe ƙofar tuba ba ta dace da mutumin da Shari'a ta bar wa ƙofar a buɗe ba.

Kalmomin da suka yi kusa

Ba duka ne ke da matsala ba. "Transgression" asalinta taka ƙafa a ƙetare iyaka, don haka ta dace ƙwarai da "i'itida'u" da "ɗugyanu" da ƙetare iyakokin Allah. "Iniquity" ta fito daga kalmar Latin mai nufin rashin daidaito, wannan kuwa ya kusanci ma'anar zalunci, wanda malamai suka bayyana da ajiye abu ba a muhallinsa ba. Sai dai zalunci a Alƙur'ani ya haɗa da wanda bawa ke yi wa kansa, ya kuma haɗa da shirka, kamar yadda ya zo a wasiyyar Luƙman ga ɗansa. Shi ya sa "oppression", wadda ke buƙatar mai ƙarfi da wanda ake dannewa, ba ta isa ta ɗauke shi a ko'ina ba.

"Nefarious" ta samo asali daga kalmar Rumawa mai nufin abin da dokar alloli ta hana, amma a yau ana amfani da ita ne ga makirci da ayyukan ɓoye na miyagu. "Heinous" daga kalmar Faransanci ta ƙiyayya take, kuma harshen alƙalai ne idan suna sifanta laifi mai tsananin muni. "Turpitude" tana nufin muni da abin kunya, ta kusanci alfasha, sai dai ta zama isɗilahi a dokar shige da fice ta Amurka tun shekarar 1891, inda ake hana baƙo shiga saboda laifin da aka sifanta da ita. Ita kuwa "villain", wadda ake kiran mugu da ita, asalinta manomin ƙauye ne da ke aiki a gonar ubangida. Raini ne na masu mulki ga talaka ya rikiɗe ya zama hukunci a kan ɗabi'a.

Kalmomin da ma'anarsu ta gusa

Kalma takan tsufa, ma'anarta ta ƙaura, fassarar da ke ɗauke da ita kuma tana nan a hannun mutane. Pickthall da Yusuf Ali duka sun fassara fasadi da "mischief" a aya ta 11 ta Suratul Baƙara. A tsohon Turanci kalmar tana nufin babbar cuta da masifa, amma a yau mafi yawan amfaninta a kan ƙiriniyar yara ne. Wasu na baya sun koma ga "corruption", wadda ta fi dacewa, sai dai a kunnen ɗan Najeriya ta kusa taƙaita ga cin hanci da rashawa, musamman tun da aka kafa hukumar ICPC a shekarar 2000. Fasadi kuwa ya haɗa da zubar da jini da halaka shuka da dabbobi da tauye mudu. A nan Hausa ta fi Turanci sa'a, domin kalmar ɓarna, wadda Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya yi amfani da ita a tarjamarsa, ta ɗauki wannan faɗi.

Misali mafi nauyi ta fuskar hukunci shi ne "usury" a matsayin riba ta Shari'a. A zamanin da, kalmar tana nufin duk wani ƙari a kan bashi. Bayan da dokar Ingila ta 1545 ta halatta kuɗin ruwa har zuwa kashi 10 cikin 100, sannu a hankali ma'anarta ta koma ga kuɗin ruwa mai wuce kima kawai. Mai karanta fassarar a yau zai iya fahimtar cewa ƙaramin ƙari halal ne, alhali jumhurun malamai ba su bambanta kaɗan da mai yawa ba. Haka kuma "adultery" ba ta ɗauke zina gaba ɗaya, domin tana buƙatar ɗayan biyun ya kasance mai aure. Ta marasa aure "fornication" ake ce mata.

Ɗabi'a da aiki

"Vice" asalinta aibi ne ko naƙasa, kuma tana nufin mugun hali da ya zauna a zuciya, abin da malaman tarbiyya ke kira "razila". Zunubai bakwai masu halakarwa na cocin Katolika, waɗanda asalin jerinsu ke komawa ga Paparoma Gregory na Farko a ƙarshen ƙarni na 6, duka irin wannan ne: girman kai, da haɗama, da sha'awa, da hassada, da zarin ci, da fushi, da kasala. Ɗalibi yakan yi gaggawar daidaita su da abubuwa bakwai masu halakarwa da suka zo a hadisin Buhari da Muslim, alhali waɗannan ayyuka ne ayyanannu: shirka, da sihiri, da kisan kai, da cin riba, da cin dukiyar maraya, da gudu daga fagen fama, da ƙazafi ga mata kamammu. Idan ana neman abin da ya yi kama da jerin cocin, to a rubu'i na uku na Ihya'u na Imam Gazali za a same shi, inda ya yi magana a kan cututtukan zuciya. Jerin ayyuka kuwa shi ne fannin littafin Kaba'ir na Imam Zahabi.

Harshen zamani

A ƙarni na 20 wani sauyi ya auku. Kalmomin asibiti da na ilimin zamantakewa, irin su "deviant" da "antisocial" da "inappropriate", sun fara maye gurbin na addini, har likitan ƙwaƙwalwa Karl Menninger ya wallafa littafi a 1973 yana tambayar inda kalmar zunubi ta shiga. Waɗannan kalmomi suna auna aiki ne da abin da jama'a suka saba, ba su ambaton wanda aka saɓa wa. Suna da ɗan kama da munkari, tun da asalinsa abin da ba a sani ba ne, kishiyar ma'arufi, amma ma'aunin munkari Shari'a ce da lafiyayyen hankali, kuma ba ya zama ma'arufi don mutane sun saba da shi.

Kammalawa

Masanin nan ɗan ƙasar Japan, Toshihiko Izutsu, ya nuna a littafinsa na 1966 cewa kalmomin ɗabi'a na Alƙur'ani ana gane su ne ta hanyar dangantakarsu da juna a cikin nassin kansa. Tun kafin shi da ƙarnoni, Abu Hilal Al-Askari ya tsara littafin Furuƙ domin rarrabe lafuzzan da ake zaton ma'anarsu ɗaya. Wannan tsantseni da muke yi wa Larabci ya kamata mu yi wa Turanci. Marubuci ya fara tabbatar da ma'anar lafazin Larabcin a muhallinsa daga tafsiri da littattafan lugga. Sa'an nan ya binciki asalin kalmar Turancin da yadda ake amfani da ita a yau, a ƙamus na masu harshen. Inda hukunci ya rataya da lafazi, kamar riba da zina da fisƙu, ya bar shi da Larabcinsa, ya yi masa sharhi a farkon ambato. Kuma ya kiyayi zaɓen kalma don girmanta ko baƙuncinta, domin sifanta mutum da abin da ya fi laifinsa shi ma zalunci ne. Allah shi ne mafi sani.