Ko Kun Sani? Taurarin da Ke Jagorar Baƙin Tsuntsayen Baturiya

Ko kun san yawancin ƙananan tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a fadamar Baturiya, da dare suke tafiya, kuma taurari na cikin abin da ke nuna musu hanya? A shekarun 1950 masana biyu a Jamus, Franz da Eleonore Sauer, sun sa irin waɗannan tsuntsaye a wani ɗaki mai rufin ƙubba da ake haska siffar taurari a jikinsa. Sai tsuntsayen suka riƙa fuskantar inda ya kamata su nufa, bisa ga taurarin rufin. Abin mamaki ne ƙwarai a wurin halittar da ba ta cika tafin hannu ba.

Fadamar Baturiya da ke ƙasar Haɗejiya ta shiga jerin dausayin duniya na Ramsar a 2008.

Ku ma ku gwada kallon taurarin a watan Disamba, daren da hazo ya kwanta kuma babu farin wata. Ku shimfiɗa tabarma a bakin ruwa, nesa da fitilu, ku lulluɓa da bargo. Wajen ƙarfe goma Kaza da 'Ya'yanta, wato Suraiya, tana kusan bisa kai. Ido na ƙirga shida ko bakwai, alhali sun haura dubu, kuma haskensu ya yi tafiyar shekara kusan 440 kafin ya iso. Tauraron arewa kuwa yana ƙasa-ƙasa, dab da kan itatuwa, shi kaɗai ba a ganin ya gusa har asuba.