Alƙaluman Jiya Cikin Rigar Na Yau: Haɗarin Tsayawar Bayanai A Harkar Kasuwanci

ABUJA — A da, duk ɗan kasuwar da ke son sanin halin da dukiyarsa take ciki sai ya jira akawu ya rufe littafi da yamma, ko kuwa ya shiga sito da kansa ya ƙirga kaya. A yau kuwa, a unguwanni irin su Lugbe, wadda ke kan babban titin Umaru Musa 'Yar'aduwa mai zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, manyan kantuna da shagunan magani da gidajen mai da dillalan kayan gini da dama sun rungumi na'ura mai ƙwaƙwalwa, ta yadda mai dukiya kan duba cinikin rassansa a fuskar wayarsa tun bai fito daga gida ba.

Sai dai wannan sauƙi ya zo da nasa haɗarin. Littafin akawu idan ba a cike shi ba, kowa zai ga shafin a fili. Allon rahoto na kwamfuta kuwa, idan sababbin bayanai suka daina isa gare shi, ba ya zama fanko. Yakan ci gaba da nuna alƙaluman jiya ko na makon jiya, tsaf da su, tamkar yanzu aka shigar da su. Mai dukiya kuma ya yanke shawara a kansu bai sani ba.

Yadda tsarin yake aiki

Tsarin yana da sassa uku. Na farko shi ne rumbun bayanai, watau babbar ma'ajiyar da ake rubuta kowane ciniki da kowane rasit da kowane kayan da ya shiga ko ya fita daga sito. Na biyu shi ne manhajar rahoto, kamar Excel ko Power BI na kamfanin Microsoft, wadda ke tattara waɗannan alƙaluma ta mayar da su jadawali da zane. Na uku kuwa wata ƙaramar manhaja ce da ake sakawa a kwamfutar ofis, wadda take zama gada tsakanin rumbun da ke cikin ofishin da kuma manhajar rahoton da ke kan intanet.

A lokutan da aka tsara, manhajar rahoto takan tsallaka wannan gada ta kwaso sababbin alƙaluma. Wannan shi ake kira sabuntawa. A Power BI, alal misali, mai lasisin Pro zai iya tsara sabuntawa har sau 8 a yini, mai Premium kuwa har sau 48. Idan aikin ya ci tura sau 4 a jere, manhajar takan dakatar da jadawalin sabuntawar baki ɗaya har sai wani ya sake kunna shi da hannu. Takan aika da saƙon gargaɗi ga wanda ya kafa rahoton, amma idan wannan ma'aikaci ya bar aiki, ko ba ya duba akwatin saƙonsa, to gargaɗin ya bi iska.

A lokacin da farashi yake zaune wuri guda, tsohon adadi ba ya yin ɓarna sosai. Amma tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da sakin darajar Naira a watan Yuni na wannan shekarar, farashin kaya ya riƙa sauyawa cikin makonni. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. A irin wannan yanayi, dillalin siminti ko rodi da ya sayar bisa farashin sari na makonni biyu baya, yana iya ganin riba a allo alhali uwar kuɗi yake ci. Haka nan mai shagon magani zai iya yi wa asibiti alkawarin kayan da tuni sun ƙare a sito.

Darasi daga manyan hukumomi

Matsalar ba ta ƙananan 'yan kasuwa ba ce kaɗai. Misali mafi girma a ƙasar nan ya faru ne a Abuja ranar 25 ga Fabrairu, 2023, yayin da shafin duba sakamako na Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta, wanda aka sani da IReV, ya kasa karɓar takardun sakamakon zaɓen shugaban ƙasa daga na'urorin BVAS, alhali na 'yan Majalisar Dokoki ta Ƙasa suna shiga. Jam'iyyun adawa sun yi watsi da uzurin hukumar, har ta kai ga kotu, amma bayanin da hukumar ta bayar a rahotonta na watan Fabrairu na 2024 yana da amfani ga duk mai hulɗa da rumbun bayanai.

A cewar hukumar, an tsara rumbun ne ta yadda kowane zaɓe yake rataye da wata jiha. Zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ɗaya ba ne, saboda haka manhajar ta rasa gurbin da za ta ajiye takardun, sai ta riƙa mayar da saƙon kuskure. Rahoton ya ce sai da ƙarfe 8:55 na dare takardar farko ta samu shiga bayan an yi gyara. Abin lura a nan shi ne, bisa wannan bayani, na'urorin da ke rumfunan zaɓe lafiyarsu ƙalau. Cutar tana can cikin fasalin rumbun, inda ba a fara kai ido ba.

Misali na biyu daga Ingila ne, kuma ya fi na farko kama da abin da kan sami 'yan kasuwa, domin shi ko saƙon kuskure bai fito fili ba. Tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba, 2020, hukumar kula da lafiyar jama'a ta ƙasar ta tsallake mutum 15,841 da suka kamu da cutar korona a rahotanninta na kullum. Dalili kuwa shi ne an yi amfani da tsohon samfurin fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536, alhali sabon samfurin yana ɗaukar 1,048,576. Da fayil ya cika, sai sauran sunayen suka zube, rahoton kuma ya ci gaba da fitowa kamar ba abin da ya faru. Sakamakon haka, an yi jinkirin neman dubban mutanen da suka yi cuɗanya da masu cutar.

Inda ya kamata a fara dubawa

Masu aikin gyaran irin wannan matsala sukan bi ta daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, maimakon a faɗa wa rahoton da sauye-sauye barkatai.

Da farko, a duba tarihin sabuntawa. Manhajar takan ajiye ranar da sa'ar da aikin ya yi nasara na ƙarshe, da kuma kalmomin saƙon kuskuren. Daga nan sai a yi tambaya ɗaya: me ya sauya a ofis tsakanin nasara ta ƙarshe da gazawa ta farko? Sau da yawa amsar tana nan.

Na biyu, wuta da layin sadarwa. Gadar da aka ambata tana aiki ne kawai idan kwamfutar da take ciki a kunne take kuma tana kan intanet. Idan an saka ta a kwamfutar tafi-da-gidanka ta akanta, ya naɗe ta ya tafi gida, sabuntawar tsakar dare ba za ta yiwu ba. Haka abin yake idan wutar kamfanin AEDC ta ɗauke bayan an kashe janareta. Wani lokaci kuma matsalar daga nesa take: ranar 14 ga Maris, 2024, lalacewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ta tsayar da hada-hadar bankuna da ofisoshi da dama a Nijeriya. A irin wannan rana, taɓa rahoton ƙara ɓata shi ne.

Na uku, kalmar sirri. Manhajar rahoto tana shiga rumbu ne da sunan wani ma'aikaci. Idan ya sauya kalmar sirrinsa, ko wa'adinta ya ƙare, ko aka rufe asusunsa bayan ya ajiye aiki, ƙofa ta rufe ke nan. Maganin shi ne a buɗe wa manhajar asusu nata na musamman, mai izinin karantawa kawai ba na gogewa ko sauyawa ba.

Na huɗu, sauyin fasali. Idan mai kula da rumbu ya sauya sunan wani gurbi, ya mayar da "farashi" ya zama "farashin sari", manhajar rahoto za ta nemi tsohon suna ta rasa. Haka nan idan wata ƙungiya ta waje ta sauya tsarinta. A watan Oktoba na 2024 bankunan Zenith da GTBank sun sauya manyan manhajojinsu, abin da ya jawo wa masu ajiya tsaiko na kwanaki. Duk kamfanin da ke shigar da takardar bayanin asusun banki cikin rahotonsa, wajibi ne ya sake gwada ta bayan irin wannan sauyi.

Na biyar, gurɓataccen adadi. Magatakarda ya rubuta "babu" a gurbin da ake sa lamba, ko ya haɗa alamar Naira da adadi, sai aikin duka ya tsaya saboda layi ɗaya. Kwanan wata ma tarko ne: a Nijeriya 03/04 na nufin 3 ga Afrilu, amma kwamfutar da aka saita bisa tsarin Amurka za ta karanta shi 4 ga Maris, ta kai cinikin wani wata cikin wani ba tare da ta koka ba. Har ila yau, manhajojin da ke kan intanet sukan yi aiki da agogon duniya, wanda Nijeriya take gaba da shi da sa'a ɗaya, don haka cinikin gidan mai na bayan sha biyun dare kan iya faɗawa lissafin jiya.

Na shida, yawan kaya. A lasisin Pro, Power BI yakan yanke sabuntawar da ta wuce sa'a 2. Kamfanin da yake kwaso cinikin shekara biyar a kowace safiya zai wayi gari aikin ya fi ƙarfin lokacin. Abin yi shi ne a tsara a riƙa kwaso sabon ciniki kawai, a bar tsoho inda yake.

Nauyin da ke kan mai dukiya

Ba lallai ne mai dukiya ya zama injiniya ba, amma akwai abubuwan da ba ya wakiltawa. Ya kamata ya sa a rubuta ranar da sa'ar ciniki na ƙarshe da ya shiga rahoto, ɓaro-ɓaro a saman allo, ya kuma saba da duba su kafin ya duba riba. Ya kamata saƙon gargaɗi ya riƙa zuwa ga mutum biyu ko uku. Kana a kowane mako a gwada jimlar da allo ya nuna da jimlar na'urar POS da ta banki da kuma ƙirgen sito, domin wannan ne kaɗai ke tona irin kuskuren da ya faru a Ingila, inda aikin ya nuna ya kammala alhali wani ɓangare ya zube.

Bugu da ƙari, miƙa wa mai gyara na waje babbar kalmar sirri ta rumbu yana da hukunci a doka. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa kamfani alhakin tsare sunaye da lambobin wayar abokan cinikinsa. Idan tilas ne a ba da izini, a ba da na ɗan lokaci, a kuma soke shi da zarar an gama aiki.

Daga ƙarshe, tun da ba a fafe gora ranar tafiya, ya dace kowane kamfani ya yanke shawara tun da wuri a kan abin da za a yi ranar da allo ya tsaya: wa za a kira, wane littafi za a koma gare shi, kuma wace shawara ce za a jinkirta. Sayen kaya na miliyoyin Naira da sauya farashi da ba da bashi, duka suna iya jiran sa'o'i kaɗan har a tabbatar da cewa alƙaluman da ke gaban manaja na yau ne.