Idan Imel ɗin Ofis Ya Daina Shigowa Waya

Ma'aikaci zai duba wayarsa da safe ya ga babu sabon saƙo, ya ɗauka ofis lafiya lau. Sai ya buɗe kwamfuta a wurin aiki ya tarar tun jiya ake nemansa, har an ɗage taro bai sani ba. Nan take laifi ya koma kan waya: wani ya goge manhaja, wani ya ruga wurin mai gyara a yi mata fulashin. Wannan gaggawar ce ke jawo asara. Galibi saƙonnin ofis ba a cikin wayar suke zaune ba, suna kan sabar kamfani, ko ta Microsoft ko Google da kamfanin ke biyan kuɗinta. Wayar leƙawa kawai take yi tana kwafo abin da ya sauya. Idan kwafin ya tsaya, wani abu ne ya shiga tsakaninsu, kuma shi ya kamata a nemo kafin a taɓa komai.

Gwajin farko ba ya cin minti biyu. Buɗe burauza a wayar, ka shiga imel ɗinka ta shafin intanet. Idan ka shiga ka ga sababbin saƙonni, sabar ƙalau take, matsalar tana cikin manhaja ko saitin waya. Idan an hana ka shiga, ƙyale wayar tukuna, ka fara duba asusun.

Sau da yawa matsalar kalmar sirri ce. Kamfanoni da dama suna tilasta wa ma'aikata sauya ta bayan 'yan watanni. Mutum zai sauya a kwamfutar ofis ya manta da waya, ko da tsohuwar wayar da ya bar wa yara a gida alhali imel ɗin yana ciki. Ita kuwa ba ta gajiya, za ta yi ta aika tsohuwar kalmar dare da rana. Sabar ba ta san mai gida ba ne, ɓarawo take zato, sai ta kulle asusun. 'Yan sashen kwamfuta su buɗe, bayan ɗan lokaci ya sake kullewa, kowa ya rasa dalili. Duk wanda asusunsa ke yawan kullewa, ya ƙirga na'urorin da ya taɓa sa imel ɗin a cikinsu.

Akwai kuma sauyin da ya zo daga sama. Daga 1 ga Oktoba 2022, Microsoft ta fara rufe tsohuwar hanyar shiga imel ɗinta na Exchange Online, wadda manhaja ke miƙa suna da kalmar sirri kai tsaye. Google ma ta rufe irin wannan ƙofa ga asusun Workspace a 2025. Sabuwar hanyar tana kai mutum shafin kamfani ne ya tabbatar da kansa, sau da yawa har da lambar da ake turowa. Manhajar da ta tsufa ba ta san wannan ba, za ta yi ta neman kalmar sirri ko da daidai ka rubuta. Maganinta sabuntawa, ko komawa Outlook ko Gmail.

Sai batun batir, wanda a ganina ya fi damun mu nan, inda wuta ba ta da tabbas kuma kowa na tattalin caji da data. Tun Android 6.0 na 2015, waya tana sa manhajoji barci idan an ajiye ta, masu ƙera wayoyi irin su Tecno da Infinix kuma sun ƙara nasu tsimin a kai. Alamarsa ita ce saƙonni ba sa shigowa sai ka buɗe manhajar, sannan su zubo a lokaci ɗaya. Shiga saitin batir ka cire manhajar imel daga waɗanda aka taƙaita, ka kuma ba ta damar shan data ko ba a buɗe ta ba. A iPhone ma, yanayin tsimin batir yana rage ɗauko saƙonni.

Duba agogo. Idan kwanan wata ko lokaci ya kauce, wayar ba za ta amince da shaidar tsaron sabar ba. Bar shi ya riƙa saita kansa. Idan tsofaffin saƙonni ne suka ɓace, wataƙila an saita manhajar ta ɗauko na mako ɗaya ko wata ɗaya kawai. Akwatin saƙo ma yana cika, domin wasu tsare-tsaren Microsoft gigabait 50 suke bayarwa.

Wani lokaci kamfanin ne da kansa ya rufe ƙofa. Ma'aikatu masu amfani da tsarin kula da na'urori irin Intune suna iya ƙin wayar da ba ta da lambar kulle allo ko wadda tsarinta ya tsufa. A nan akwai abin da ya kamata ma'aikaci ya tambaya tun kafin ya danna amincewa da sa wayarsa cikin irin wannan tsari: me kamfani zai iya gogewa daga nesa? A wasu saitunan bayanan ofis kaɗai ne, a wasu kuwa wayar ce gaba ɗaya, har da hotunan iyali.

Cire asusu a sake sa shi yana gyara abubuwa da yawa, amma a bar shi ya zama na ƙarshe. Lambobin mutanen da aka ajiye a cikinsa za su ɓace sai an mayar da shi, saƙon da ya maƙale bai tafi ba zai iya salwanta, kuma idan tsohon tsarin ɗauko saƙo na POP ne, ta yiwu wasu saƙonnin a wayar kaɗai suka rage. Kada kuma a ba mai gyaran waya kalmar sirrin ofis, komai amanarsa. Idan abin ya gagara, ɗauki hoton gargaɗin da allo ya nuna, ka kai wa 'yan sashen kwamfuta tare da sunan wayar, da ranar da abin ya fara, da amsar ko ka iya shiga ta burauza.