Dashen Manhaja Daga Wata Kwamfuta Zuwa Wata

Duk wanda ya taɓa zama a shagon gyaran kwamfuta, a titin Beirut na Kano ko wani wuri makamancinsa, ya ga wannan aikin. Mai gyara zai kwance murfin ƙasan kwamfutarka ta tafi-da-gidanka, ya zare faifan ajiya, ya jona shi da tasa babbar na'urar da ke ƙarƙashin tebur. Kafin rabin awa ya mayar da faifan, Windows ta tashi da duk manhajojinta. Ba a cikin taka kwamfutar aka girka ta ba. An rene ta ne a wani wuri, aka cire aka dasa, kamar yadda mai lambu ke yi da irin albasa.

Abin da ya fara jawo yawaitar dashen nan shi ne wuta da data. Fayil ɗin Windows 11 kaɗai ya haura gigabait 5, ban da sabuntawa da direbobi da za su biyo baya. Mutumin da ke aiki da janareta, yana lissafin kowace lita ta fetur, ba zai zauna ya girka wa kwamfuta ashirin manhaja ɗaya bayan ɗaya ba. Dillalin da ya sauke HP EliteBook ko Dell Latitude na hannu iri ɗaya, sai ya sa a gyara guda ɗaya tsaf, a kwafe faifanta da Clonezilla zuwa sauran. Ga kuma masu sauya tsohon faifai da SSD, da waɗanda ramin filashinsu ya mutu.

A da abin ba ya yiwuwa cikin sauƙi. Zamanin Windows XP, in ka kai faifai wata na'ura daban, galibi shuɗin allo ne zai tare ka, domin manhajar ta riga ta ɗaure kanta da kayan cikin na'urar farko. Daga Windows 8 ta 2012 lamarin ya sassauta, manhajar ta koyi laluben direbobin da suka dace idan ta farka a baƙon gida. Linux kuwa ta daɗe da wannan hali, don kusan duk direbobinta tare take yawo da su, shi ya sa faifan Ubuntu ko Linux Mint ke tashi a na'urori daban-daban ba gardama.

Sai dai babban abin da ya ƙara wa dashen kasuwa shi ne ranar 14 ga Oktoba 2025, da Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba. Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0, da ƙwaƙwalwa, in ta Intel ce, daga zubi na 8 zuwa sama. Kwamfutocin da ke hannun ɗalibanmu da masu shagon buga takardu, da yawansu ba su kai nan ba. Tunda a lokacin girkawa ne ake wannan tantancewa, sai a girka a na'urar da ta cancanta, a kai faifan tsohuwa. Ban ga laifin mai son tsawaita ran kwamfutar da ya tara kuɗinta da ƙyar ba.

Inda nake da ja shi ne abin da ake ɓoye wa mai saye. Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai yi alkawarin sabuntawa ga na'urar da ba ta cika sharaɗi ba. Lasisi ma ba ya bin faifai. Tun daga Windows 8 masu ƙera kwamfuta suna binne shi ne a jikin allon na'urar. Idan dashen bai dace da lasisin sabon gida ba, sai wasu su cusa manhajar fasa lasisi da aka sauko da ita daga inda ba a sani ba, kuma ita ce za ta bazu cikin duk kwafin da aka yi. Ƙwayar cuta ɗaya a uwar faifai, ta shiga gida ashirin ke nan. Akwai Sysprep, wadda Microsoft ya tanada don goge alamomin na'urar farko kafin a kwafa, amma gaggawa kan sa a tsallake ta.

Na ga wani ɓangare na wannan a kan ɗan yayata. Ya sayo kwamfuta don aikin kammala digiri, ya kunna ya tarar da sunan wani a matsayin mai ita, har da kalmomin sirri na baƙo ajiye a Chrome. Da ya koma, mai shagon ya ce masa, "Ƙanena, ai duk haka muke yi, ba ta tashi ba?" Ta tashi kam. Bayan wata biyu saƙon neman lasisi ya fito a gefen allo.

Wanda zai ɗauke nasa faifan da kansa kuma, abu biyu ke jiransa. Faifan da aka tsara da GPT don UEFI ba zai tashi a tsohon BIOS ba. Idan kuma BitLocker, mai kulle bayanan faifai, na kunne, sabuwar na'urar za ta nemi mabuɗin ceto mai lamba 48, kuma in ba a ajiye shi a asusun Microsoft ko a takarda ko wani wuri ba, babu mai gyaran da zai iya fito da fayil ko ɗaya daga ciki a sabuwar na'urar.