Kano Pillars: Ba ranar girbi ake asarar gona ba

Ranar da labari ya tabbata cewa Kano Pillars ta faɗo daga babban rukunin gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, cikin watan Yulin 2022, ina gida Fammar, a Ƙaramar Hukumar Kibiya, na je duba gona. Damina ta zauna, gero ya yi kore shar. Da yamma muna zaune a gindin darbejiya, ƙofar gidan Baffana, sai ga samari sun taru a kan wayar ɗaya daga cikinsu, kowa ransa a ɓace. Wannan ya ce alƙalan wasa ne suka ci amanarmu, wancan ya ce haɗa baki aka yi don a ga bayan Masu Gida. Baffa, wanda tun da aka haife shi bai taɓa taka filin wasa na Sani Abacha ba, ya bari har suka gama, sannan ya ce: "Kai yara, ba ranar girbi ake asarar gona ba. Wanda ya bar ciyawa ta cinye masa hatsi a marka, kada ya zo da kaka yana zagin magirbi."

Wannan magana ta Baffa ta daɗe tana yi mini yawo a zuci, domin ta tuna mini da wata kakar wasa da na ga wani yanki nata da idona a wata ƙasa mai nisa, a wani wasan da yawancinmu ba mu taɓa kallo ba. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya biyo ni can, kafin mu dawo Ƙofar Mata.

A farkon shekarar 2019 wani kwas na watanni uku ya kai ni birnin St. Louis da ke Jihar Missouri ta Amurka, a tsakiyar hunturu. Wani abokin karatu ya matsa sai na raka shi kallon ƙwallon gora na kan ƙanƙara. Fili ne na daskararren ruwa a cikin rufaffen ɗaki, 'yan wasa shida-shida har da mai tsaron raga, kowa sanye da takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙasansa, suna sulu suna bin wani ɗan baƙin faifan roba da sanduna. Zango uku ake yi, kowanne minti 20. Ban fahimci rabin abin da ake yi ba, amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai. A gefen filin akwai wani ɗan keji, wanda na raɗa wa suna akurki. Duk ɗan wasan da ya yi laifi, alƙali zai tura shi can ya zauna minti biyu, ko biyar idan laifin babba ne, kuma galibi ba a maye gurbinsa. Abokansa za su ci gaba da fafatawa su huɗu da mutum biyar, ban da masu tsaron raga. Wato mutum ɗaya ya yi fushi, amma ƙungiya duka ce ke biyan bashin.

Ƙungiyar garin, St. Louis Blues, tana cikin halin ha'ula'i a lokacin. An kafa ta tun 1967, amma ba ta taɓa ɗaukar Kofin Stanley ba, wanda shi ne babban kofin gasar NHL ta Amurka da Kanada. A watan Nuwamban 2018 ta sallami mai horar da ita, Mike Yeo, ta ɗora mataimakinsa Craig Berube a matsayin riƙo. Ranar 3 ga Janairun 2019 ita ce ta ƙarshe a cikin ƙungiyoyi 31. Kakar wasan can kuwa doguwa ce, a lokacin wasa 82 kowace ƙungiya ke bugawa kafin a shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Ba su sayo wani fitaccen ɗan wasa don ya cece su ba. Wani mai tsaron raga ne da ya daɗe a ƙaramar ƙungiyarsu ta reno, Jordan Binnington, suka ba dama. Ranar 7 ga Janairu, a wasan farko da aka fara da shi, ya hana Philadelphia cin ko ɗaya. Ba a jima ba suka yi nasara sau 11 a jere.

Sai dai ba wannan farfaɗowa ce ta fi burge ni ba. Abin da ya faru ranar 15 ga Mayun 2019 ne, lokacin na riga na dawo gida ina bibiya ta intanet. A karawar kusa da ta ƙarshe, tsakaninsu da San Jose Sharks, inda ake neman wanda zai fara cin wasa huɗu cikin bakwai, an tafi ƙarin lokaci a wasa na uku, a gidan Blues. Wani ɗan San Jose ya tura faifan da hannu ga abokinsa, abin da doka ta haramta a wannan ɓangaren fili, aka jefa a raga, wasa ya tashi 5 da 4. Duk duniya ta gani a talabijin, alƙalai huɗu ne kawai ba su gani ba. Daga baya hukumar gasar da kanta ta amsa cewa kuskure ne, amma sakamako bai sauya ba. Sun yi fushi, babu shakka. An karya sanda, an jefa tarkace cikin fili. Amma babu wanda ya ɗora hannu a kan alƙali. Mai horarwa ya umarci yaransa su mance da batun, su fuskanci wasa na gaba. Suka ci wasanni uku da suka biyo baya a jere, biyu na ƙarshe da 5 da nema da kuma 5 da 1. Ranar 12 ga Yuni suka doke Boston Bruins 4 da 1 a gidanta, suka ɗauki kofin da suka yi shekara 52 suna nema. Ita kuwa hukuma, a kakar da ta biyo baya sai ta faɗaɗa dokar duba bidiyo, don kada irin wannan kuskure ya sake wucewa.

To, a cikin wannan wata na Yunin 2019 ɗin dai, Pillars tana Legas, a filin wasa na Agege, a gasar ƙungiyoyi shida masu neman kofi. Wasanta da Enugu Rangers ya tashi 1 da 1, magoya baya suka kutsa fili suna neman alƙali, aka ci ƙungiyar tara. Enyimba ta ɗauki kofin. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta; haka ma wadda ba za ta yi kyau ba.

Kada a ce na mance da alherin Pillars. Ni ma ɗan Sai Masu Gida ne, kuma na san abin da wannan ƙungiya take nufi ga Bakano. Tun da aka kafa ta a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyin WRECA da Golden Stars da Bankin Arewa, ta ɗauki kofin gasar ƙasa sau huɗu: a 2008 ƙarƙashin Kadiri Ikhana, sannan 2012 da 2013 da 2014 a jere. A 2009 ta fitar da Al-Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka bayan kunnen doki 2 da 2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ta yi shekara 12 ba a doke ta a gida ba, sai a 2015 Nasarawa United ta karya lagon. A nan Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 kafin ya tafi Turai. Kuma ba mu mance da Maris ɗin 2015 ba, lokacin da 'yan fashi suka buɗe wa motar 'yan wasan wuta a kan hanyarsu ta zuwa Owerri, suka jikkata biyar. Yaran nan da jininsu suka yi wa Kano hidima. Shi ya sa abin da ya faru a kakar 2021/2022 ya fi ciwo.

Mu duba yadda gonar ta lalace. Ƙungiyar ta daɗe tana buga wasanninta na gida a Kaduna, magoya baya suna ta ƙorafin a dawo da ita. Da aka dawo Kano a watan Afrilun 2022, wasa da maƙwabciyarmu Katsina United, ba a ma kai ƙarshensa ba, babu ci, sai fili ya yamutse, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta ci Pillars tarar Naira miliyan 9, ta zaftare mata maki, ta kora ta Abuja. Ba a gama jinyar wannan ba, a watan Yuni, a wasa da Dakkada, sai shugaban ƙungiyar na lokacin da kansa ya kai wa mataimakin alƙali hannu. Aka kore shi daga harkar gasar, aka sake kwashe maki uku. A gasar ƙungiyoyi 20, inda maki ɗaya kan raba mai tsira da mai nutsewa, yaro ya yi gumi minti 90 ya samo maki uku, wani wanda ko takalmin ƙwallo bai ɗaura ba ya zubar da su cikin minti ɗaya. Kaka ta zo, Rivers United ta ɗauki kofi, Pillars da Katsina United da Heartland da MFM suka gangara ƙasa. Ga akurkin nan da na gani a St. Louis, amma namu ba na minti biyu ba ne, na shekara guda ne cur.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Alƙalancin wasa a ƙasar nan yana da ciwo. Duk mai bin gasar ya san yadda cin wasa a waje ya daɗe yana zama kamar tatsar nonon zaki, ya kuma ga bugun daga kai sai mai tsaron gida da ake bayarwa ana dab da tashi. Haka nan Turawan can ba waliyyai ba ne. A 2011, da Vancouver ta sha kashi a wasan ƙarshe, magoya bayanta sun ƙona motoci sun fasa kantuna. Bambancin shi ne, an bi hotuna da bidiyo aka gurfanar da ɗaruruwan mutane a gaban kotu, kowa ya amsa sunansa. A wurinmu kuwa, wanda ya yi jifa ya tafi gida ya ci tuwonsa, ƙungiya ta biya. Idan alƙali ya zalunce ka, akwai takardar ƙorafi, akwai bidiyo, akwai ɗaukaka ƙara. Dutse bai taɓa soke ƙwallon da aka riga aka ci ba.

Wa ke biyan wannan asara? Pillars mallakar Gwamnatin Jihar Kano ce, saboda haka tarar miliyan 9 daga baitulmali take fita, wanda manomin Fammar da ɗan kasuwar Rano suke da haƙƙi a cikinsa daidai da mazaunin Fagge. Duk ranar da aka rufe filin Ƙofar Mata, mai gurasa da mai rake da mai ruwan leda da ɗan A Daidaita Sahu sun yi asarar cinikin yini. Samarinmu na Kibiya da Rano da Bunkure, masu haɗa kuɗin mota tun tsakiyar mako don su je su ga gwanayensu, sun rasa abin da ke ɗebe musu kewa. Mafi muni, yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi a filin firamare ya koyi cewa idan hukunci bai yi maka daɗi ba, hannu ake sawa. Wannan darasi ba a filin ƙwallo yake tsayawa ba. Shi muke gani a rumfar zaɓe.

An dawo babban rukuni a 2023, muka yi murna, muka ɗauka an ji jiki an ji magana. Sai ga Oktoban 2025: Shooting Stars ta farke ƙwallo ana dab da tashi, aka sake kutsawa fili, aka taɓa alƙalai da baƙi. Hukunci ya zo kamar yadda aka saba: tarar Naira miliyan 9 da rabi, asarar maki uku, da komawa Katsina da wasannin gida. Ahmed Musa, wanda aka naɗa Janar Manaja a watan Yulin 2025, shi ya fito yana ba duniya haƙuri a kan laifin da bai aikata ba.

A nawa ɗan guntun tunanin, gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Na farko, a daina barin ƙungiya ita kaɗai ta ɗauki laifin mutane. A sa kyamarori a filin wasa, wanda aka gane a kai shi kotu, a kuma haramta masa shiga fili. Na biyu, ƙungiyar magoya baya ta zama mai rajista da katin shaida, ita ke da alhakin tsawatar wa 'ya'yanta, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na uku, shugabancin ƙungiya ya zama aikin masu sani, da wa'adi da ma'auni, ba ladan wahalar siyasa ba. Na huɗu, mu da muka yi boko muke zaune a ofisoshi, mu daina kallon ƙwallon gida a matsayin harkar 'yan tasha alhali muna kwana a kan Arsenal da Real Madrid. Filin da dattawa da masu iyali suka ƙaurace wa, dole marasa kunya su gaje shi.

Da na koma Fammar bayan rikicin 2025, na tarar ana ɗaurin dawa. Na ba Baffa labarin abin da ya sake faruwa. Bai ce komai ba sai da ya gama ɗaure damin da ke hannunsa, sannan ya dube ni ya ce: "Ɗana, ai ciyawar bara ba ta mutu ba, iri ta zubar." Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Ya kuma maido da martabar Masu Gida, amin.